Tafiya Mabuɗin Ilmi: Nisan Da Mutane Kan Ci Don Koyon Dabarun Faɗa

Laccar da aka gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai



Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa gabanku da yammacin nan. Abin da aka nemi mu yi magana a kansa shi ne wasannin faɗa da kare kai, watau irin su judo da kareti da kunfu da takwando, waɗanda yawancinmu a allon sinima muka fara ganinsu kafin mu gan su ido da ido. To, ba za mu tsaya bayyana yadda ake kai naushi ko yadda ake kayarwa ba, don wannan aikin fage ne, ba a koyonsa daga kan kujera. Tambaya guda za mu ɗauka mu bi ta har ƙarshe: ina iyakar nisan da mutum kan ci domin ya sami mai koya masa waɗannan dabaru, kuma me yake samowa idan ya je?

Tambayar ta shafe mu ƙwarai. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, nan da shekara ɗaya ko biyu za su watse cikin ƙasa. Wani za a tura shi bautar ƙasa, wani zai kama aiki a ƙaramar hukumar da ko filin ƙwallo na kirki babu. Wanda ya saba da horo a jami'a, inda zauren motsa jiki yake dab da ɗakin kwanansa, zai wayi gari ya tarar malami mafi kusa da shi yana babban birnin jiha, tafiyar awa biyu ko uku a mota. A nan ne mafi yawa kan naɗe ɗamara su jefa ta ƙarƙashin akwati. Saboda haka ya kamata mu san yadda na gabanmu suka yi da nisa.

Ilmin da ba ya shiga ambulan

A dā ma'aikata da yawa sun yi karatu ta gidan waya, a aiko musu da darasi cikin ambulan, su amsa su mayar, har su ci jarrabawa. Yau kuwa mutum kan yi digiri ta intanet bai bar garinsu ba. Lissafi da tarihi da aikin akawu duk suna yarda da wannan. Dabarun faɗa ba su yarda, dalili kuwa shi ne a jiki suke zaune. Littafi zai gaya maka ka janyo abokin karawa sa'ad da nauyinsa ya koma kan ƙafa ɗaya, amma ba zai iya sa ka ji wannan lokacin a tafin hannunka ba. Hoton bidiyo zai nuna maka tsayuwa, amma ba zai zagayo bayanka ya dafa ƙugunka ya gyara shi ba. Mai koyo shi kaɗai yakan maimaita kuskurensa sau dubu yana tsammanin ƙwarewa yake yi.

Ke nan abu biyu mai neman wannan ilmi yake bukata, malamin da zai gan shi ya gyara masa, da abokan karawa waɗanda suka fi shi. Dukansu biyu ba a aiko su ta waya. Tun da kuwa ƙwararrun malamai ba su taɓa yin yawa ba a kowane zamani, tilas ɗayan biyu ya auku: ko dai ɗalibi ya tashi ya je wurin malami, ko malami ya tashi ya zo wurin ɗalibai. Tarihin waɗannan wasanni kusan dukansa labarin tafiye-tafiyen nan iri biyu ne.

Yawon takobi a Japan ta dā

A ƙasar Japan, zamanin da baraden nan da ake kira samurai suke riƙe da ƙasa, akwai wata al'ada da suke ce wa musha shugyo. Saurayi yakan bar makarantar takobin garinsu, ya ɗauki kayan karawarsa a kafaɗa, ya riƙa bin gari gari yana sallama a zauren kowane malami yana neman a gwada shi. Wanda ya fi shahara da wannan yawo shi ne Miyamoto Musashi, wanda ya rasu a 1645. A littafin da ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa ya ce ya yi karo fiye da 60 tun yana ɗan shekara 13 har ya kusa 30, ba a taɓa cin sa ba.

Daga baya, da ƙasa ta zauna lafiya aka kuma ƙago takubban gora da sulken kare jiki, sai yawon ya daina zama na zubar da jini, ya koma kamar almajirci. Mai yawo yakan nemi izinin sarkin lardinsu, yakan kuma riƙe wani kundi inda ake rubuta masa sunayen waɗanda ya kara da su a duk zauren da ya sauka, ya zama shaida idan ya koma gida. Tafiyar kuwa ta ƙafa ce. Babbar hanyar da ta haɗa Kiyoto da birnin Edo, watau Tokiyo ta yanzu, tsawonta ya kusa kilomita 500, da zango 53, matafiyi yakan yi wajen mako biyu a kanta.

A 1853 wani saurayi mai suna Sakamoto Ryoma ya baro lardin Tosa, a tsibirin Shikoku, ya yi wajen wata guda a hanya ya isa Edo don ya koyi takobi a makarantar gidan Chiba. A shekarar nan ce jiragen yaƙin Amurka suka ɓullo bakin gaɓar Edo suna neman tilasta wa Japan ta buɗe ƙofofinta. Makarantun takobi na birnin a lokacin su ne matattarar samari daga lardunan da a dā ba su cuɗanya da juna, a nan suka san juna, a nan suka fara tattauna makomar ƙasarsu. Ryoman nan shi ne a 1866 ya sasanta manyan larduna biyu masu gaba da juna, Satsuma da Choshu, haɗin kan da ya kawo ƙarshen mulkin shogun. Takobi ya tafi nema, ya komo da sanin ƙasarsa da mutanenta. Wannan ita ce ribar tafiya ta farko, ba a kuwa rubuta ta a takardar shaida.

Daga Okinawa zuwa Sin, daga Okinawa zuwa Tokiyo

Kareti ba a tsakiyar Japan aka haife shi ba. Asalinsa Okinawa ne, wani tsibiri can kudu wanda a dā yake da sarkinsa, yana kuma ciniki da ƙasar Sin. Tsakanin Naha, babban garin tsibirin, da birnin Fuzhou na Sin akwai teku fiye da kilomita 800, kuma da yawa daga cikin kakannin kareti sai da suka ƙetare ta. Higaonna Kanryo ya yi shekaru a Fuzhou cikin ƙuruciyarsa. Almajirinsa Miyagi Chojun, wanda ya kafa salon Goju, shi ma ya bi sawunsa a 1915.

Labarin da ya fi dacewa da maganarmu shi ne na Uechi Kanbun. Ya tafi Fuzhou a 1897 yana da shekara wajen 20, ya zauna a Sin shekara 13 yana koyon faɗa da haɗa magunguna, har ya kai ga buɗe makarantar kansa. An ce wani almajirinsa ya kashe mutum a wata rigimar gona, abin ya dame shi, ya komo Okinawa a 1910 ya kama noma, ya rantse ba zai sake koya wa kowa ba. Shekara goma sha ya yi bakinsa a rufe. Sai da neman abinci ya kai shi Wakayama a 1924, inda ya kama aiki a masaƙa, sa'an nan 'yan'uwansa 'yan ci-rani suka yi ta roƙonsa har ya yarda ya fara koyarwa. Da a ce ajali ya riske shi a cikin shekarun nan na shiru, da duk wahalar shekara 13 ta bi shi kabari, da kuwa babu salon da ake kira Uechi a yau. Tafiyar neman ilmi ba ta cika ba sai an sauke kayan da aka ɗauko.

Sai kuma Funakoshi Gichin, wanda ake ɗauka uban kareti na zamani. Malamin makarantar firamare ne, kuma tafiyarsa ta farko gajera ce, amma ta kullum. A tarihin rayuwarsa da ya rubuta ya ba da labarin yadda yakan ɗauki fitila da dare ya taka zuwa gidan malaminsa Azato, ya yi ta maimaita kata guda, watau jerin motsin da ake haddacewa, wata da watanni kafin a ƙara masa wata, ya komo gida da asuba, har maƙwabta suka fara zarginsa da yawon banza. Haka ya yi shekaru.

A 1922, yana da shekara hamsin da 'yan kai, aka tura shi Tokiyo, tafiyar kilomita fiye da 1,500, don ya nuna kareti a wani bikin motsa jiki da Ma'aikatar Ilmi ta shirya. Niyyarsa ya nuna ya koma. Mutane suka roƙe shi ya tsaya, ya tsaya ke nan. Ya zauna a gidan kwanan ɗaliban Okinawa yana shara yana gadi don ya biya kuɗin ɗaki, matarsa kuwa tana can tsibiri, ba su sake zama wuri ɗaya ba sai a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Abin lura gare mu shi ne, ɗaliban jami'a su ne suka rungume shi. A 1924 aka kafa ƙungiyar kareti a Jami'ar Keio, wasu jami'o'in suka biyo baya, kuma daga cikin waɗannan ƙungiyoyin ɗalibai ne aka sami malaman da suka watsa kareti a duniya. Kada wani a cikinmu ya raina ƙaramar ƙungiyar wasa ta jami'a.

Turawa sun nufi gabas

Mu komo ga judo. Wanda ya kafa shi sunansa Kano Jigoro, sunan da ya yi kama da na birnin Dabo ko da yake babu abin da ya haɗa su. Yana ɗalibin jami'a a Tokiyo, ga shi ɗan siriri ana cin zalinsa, sai ya shiga neman mai koya masa tsohuwar kokawar samurai da ake kira jujutsu. A lokacin an yi watsi da ita, malamanta da yawa sun koma sana'ar ɗori, saboda haka gidajen masu ɗori ya yi ta bi har ya dace da wani Fukuda Hachinosuke. A 1882 ya buɗe makarantarsa, Kodokan, a wani ɗakin gidan ibada mai faɗin tabarma 12, da ɗalibai 9. Yau babban zauren Kodokan tabarma 420 ne, akwai kuma ɗakunan kwana don baƙin da ke zuwa daga ƙasashen duniya. Kowace shekara a watan Janairu, cikin tsananin hunturu, akan yi horon kwana goma tun kafin fitowar rana, mutane kuwa kan biya kuɗin jirgi daga wata nahiya don su sha wannan sanyi.

Kano ya gane tun da wuri cewa idan aka ce kowa sai ya zo Tokiyo, to judo ba zai wuce Tokiyo ba. Shi da kansa ya yi ta yawon duniya, har ma a cikin jirgin ruwa ya rasu a 1938, yana komowa daga taron Olimfik da aka yi a Alƙahira. 'Yan judo suka bazu. Maeda Mitsuyo ya bar Japan a 1904, ya ratsa Amurka da Turai, ya isa Birazil a 1914, kuma daga abin da ya koyar a birnin Belem ne jiujitsun Birazil ya tsiro a hannun gidan Gracie. Koizumi Gunji ya buɗe zauren Budokwai a Landan a 1918. Fukuda Keiko, jikar wancan mai ɗorin da ya fara koya wa Kano, ta koma Amurka a 1966, ta yi ta koyar da mata a San Firansisko har ta rasu a 2013 tana da shekara 99.

Waɗannan malamai su ne suka kunna wa Turawa sha'awa, sha'awar kuwa ta ja su zuwa tushe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samari daga Ingila da Faransa da Holan suka riƙa tara kuɗi suna tafiya Japan. Mai rauni a aljihu yakan shiga jirgin ruwa daga Marsel ya bi ta mashigin Suwez, ya yi fiye da wata guda a teku, ko kuwa ya ratsa Rasha a jirgin ƙasa har gaɓar gabas ya ƙarasa Yokohama ta ruwa. Idan ya isa, ba tarbar baƙo ake yi masa ba. Ga harshen da ba ya ji, ga abincin da bai saba ba, ga 'yan jami'a da 'yan sanda masu jiran su gwada ƙarfinsu a kansa.

Babban misali shi ne Anton Geesink, mutumin Utrecht ta ƙasar Holan, dogo mai kusan mita 2. Tsakanin ƙasarsu da Japan akwai kilomita fiye da 9,000. Ya riga ya gama da Turai, babu mai iya tsaya masa a can, wannan kuwa shi ne ciwonsa, domin wanda ba ya samun mai kayar da shi ya daina ƙaruwa. Saboda haka ya riƙa zuwa Jami'ar Tenri yana zama watanni ƙarƙashin malam Matsumoto Yasuichi, ya mai da hankali ga kokawar ƙasa, watau danne abokin karawa bayan an faɗi. A 1961 a Faris ya zama mutum na farko da ba Bajapane ba da ya ci gasar judo ta duniya. A 1964 aka shigar da judo Olimfik karo na farko, a Tokiyo. Japanawa suka cinye rukuni uku daga cikin huɗu. A na huɗun, wanda ba a ƙayyade nauyi ba, wanda kuma suka fi so, Geesink ya danne gwarzonsu Kaminaga Akio daƙiƙa 30 a gaban mutanensa. Da 'yan Holan suka zabura za su hau tabarma don murna, sai ya ɗaga hannu ya kore su, don ba a gama gaisuwar rufewa ba. Japanawa sun ji zafin kayen, amma har yau suna tuna wannan ɗaga hannu. Dabara ya je ɗauka, ya haɗo da ladabin gidan.

Zamanin sinima da jirgin sama

Daga shekarun 1970 abin ya sake kama. Finafinan Bruce Lee, musamman wanda ya fito a 1973, shekarar rasuwarsa, sun ratsa duniya, har gidajen sinimarmu na Arewa, inda yara kan fito suna tsalle suna harbin iska. A 1982 aka yi wani fim a kan gidan ibadar Shaolin, wanda aka gina tun shekara ta 495 a dutsen Song na lardin Henan. Lokacin da fim ɗin ya fito gidan kusan kufai ne, don wani madugun yaƙi ya ƙone shi a 1928, 'yan tsofaffin sufaye kaɗan suka rage. Amma sai ga samarin Sin suna gudowa daga gidajen iyayensu suna tururuwa zuwa can. Makarantun kunfu suka cika garin Dengfeng da ke gindin dutsen, har ɗaya daga cikinsu, Tagou, yawan ɗalibanta ya haura 30,000. A 2013 gwamnatin Sin ta fara wani shiri na kai samarin Afirka Shaolin su yi wata uku, akwai kuwa 'yan Nijeriya a rukunin farko.

Haka abin yake a wasu wurare. 'Yan takwando na zuwa Kukkiwon, hedkwatarsu da aka buɗe a Seoul a 1972. Okinawa ta gina babban zauren kareti a 2017 don karɓar baƙi. Ƙasar Tailan kuwa ta mai da dambenta abin jawo masu yawon buɗe ido, har a 2024 ta fito da wata biza ta dogon zama wadda mai zuwa koyon dambe yake cikin masu iya nemanta.

Sai dai a nan akwai abin tsoro. Tafiyar da a dā takan ci wata guda yanzu kwana ɗaya ce, da sauƙin ya zo kuwa sai kasuwa ta shigo. Akwai mai zuwa ya yi mako biyu, ya ɗauki hoto da babban malami, ya komo da takardar shaida mai rubutun da ba wanda zai iya karantawa a garinsu, ya buɗe makaranta. Shaolin kanta ba ta tsira ba, domin a 2025 hukumomin Sin sun sauke shugaban gidan bisa zargin karkatar da dukiya. Tsarkin wuri ba ya bin mutum don ya taka ƙasarsa. Uechi shekara 13 ya yi, Geesink kuwa sai da ya ƙure na gida kafin ya nemi na waje. Wanda bai iya faɗuwa daidai ba, in ya je Kodokan, faɗuwar za a fara koya masa, abin da zai iya koya a garinsu ba da kuɗin jirgi ba.

Namu na gida

Wannan al'amari ba baƙonmu ba ne. Damben gargajiya, wanda aka san mahauta da shi tun asali, wasan matafiya ne. Da kaka ta yi an kai amfanin gona gida, 'yan dambe kan kama hanya da makaɗansu, su bi gari gari suna neman abokin karo, yaro kuwa yana biye da ubangidansa yana riƙe masa kaya har ranar da za a ɗaura masa zare. Wanda bai fita ya yi kisa a wani fagen ba, ba a kiransa gwani. Idan aka dubi wannan aka dubi yawon takobin Japan, sai a ga hikimar guda ce.

A wasannin zamani ma 'yan yankinmu sun ci nisa. Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar a garin Friedrichshafen na Jamus ya yi horonsa na takwando, ya samo lambar azurfa a Olimfik na Riyo a 2016. Rabon Nijar da lambar Olimfik tun tagullar da Issaka Dabore ya ciyo a damben zamani a 1972. A 2017 kuma Alfaga ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu, ƙasar da ta haifi wasan.

Tafiyar da ta fi kowace ban tsoro ita ce ta Francis Ngannou, mutumin Batie ta ƙasar Kamaru, wanda ya tashi yana haƙar yashi tun yana yaro. A 2012 ya bar gida da burin koyon dambe a Turai. Ya ratsa Nijeriya da Nijar, ya ƙetare Sahara zuwa Aljeriya da Maroko, ya yi ta gwada teku ana komo da shi, sai bayan fiye da shekara guda ya isa Sifen cikin kwalekwalen roba, aka tsare shi wata biyu. A Faris a wurin ajiye motoci ya riƙa kwana kafin wani zauren horo ya karɓe shi. A 2021 ya zama zakaran masu nauyi na gasar UFC. Ba mu kawo wannan labari don wani ya yi koyi da shi ba. Hamadar da ya ƙetare ta cinye dubban samari waɗanda ba wanda ya san sunansu, mu kuwa da ke bakin hanyar mun fi kowa sani. Mun kawo shi ne saboda abin da ya yi da ya samu: ya koma ya buɗe zauren horo a Batie, don kada yaron garinsu ya sake sai da ransa kafin ya ga malami.

Kammalawa

Jama'a, bari mu yi ɗan lissafi. A ce tsakanin gidanka da wurin horo kilomita 5 ne, zuwa da dawowa 10, kana kuwa zuwa sau uku a mako. A mako ka ci kilomita 30, a mako 50 ka ci 1,500, watau a shekara guda ka kusa yin tafiyar Funakoshi daga Okinawa zuwa Tokiyo. Cikin shekara shida ka kusa cin nisan da ke tsakanin Holan da Japan. Wannan tafiya ba mai yi maka rakiya, ba mai tarbarka da kiɗa, amma ita ce ke yin gwani, kuma duk waɗanda muka ambata sai da suka yi ta kafin su yi mai nisan. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka ga shawararmu ga wanda aiki zai kai nesa da malami. Ya nemi abokin horo ko da mutum ɗaya ne a inda aka ajiye shi, su riƙa maimaita abin da suka riga suka iya, sa'an nan ya ɗaure wa kansa zuwa wurin malami ko da sau ɗaya ne a wata, a duba shi a gyara masa. Kafin kuwa ya kashe kuɗin mota a kan wani malami, ya tambayi wanda ya koya wa malamin, da shekara nawa ya yi a hannunsa. Ya dubi tsofaffin ɗalibansa, ya kuma lura da yadda yake riƙon sabon shiga. Malamin da ke sayar da baƙar ɗamara, ko a ƙofar gidanka yake ya yi nisa.

Ga waɗanda kuma za su sami zarafin fita waje karatu ko kwas, akwai bashi a kanku. A ƙasarmu masu koyar da waɗannan wasanni sun taru ne a barikoki da jami'o'i da filayen wasa na manyan birane. Yaron ƙauye ba ya kai wa gare su, 'ya'ya mata kuwa, waɗanda iyaye ba za su bari su yi tafiyar dare ba, nisan kilomita kaɗan ya isa ya raba su da abin har abada. Gobe wasunku ne za su zama shugabannin makarantu da jami'an wasanni da sakatarorin ƙananan hukumomi. Aji guda da ba a amfani da shi da yamma, da 'yan katifu, da malami mai zuwa sau biyu a mako, sun fi abin da Kano Jigoro ya fara da shi a 1882. Wanda ya ci nisa ya samo, haƙƙinsa ne ya rage wa na bayansa hanya.